Alƙali Halliru da Nonon Goggo Adama

Shekarar da Turawa da En'e suka tashi haiƙan a kan cin hanci, kaji ne suka fi kowa samun sauƙi. Da can, in mutum zai ga alƙali ko malamin haraji, sai ya rungumi zakara ko ya cika kwando da albasa, a ce gaisuwa ce, ba mai ɗaga kai ya duba. Kwatsam sai ga umarni daga Sakkwato, wai duk ma'aikacin da ya karɓi gaisuwa, ko goro guda ne, a bakin rawaninsa. Mutane suka ɗauka irin maganar nan ce ta hukuma da ake yi yau a manta gobe, har sai da aka ji an tuɓe wani alƙali can gabas a kan rago ɗaya, ragon ma ramamme. Daga nan kowa ya shiga taitayinsa.

Malam Halliru shi ne alƙalin wani ɗan gari tsakanin Wurno da Goronyo. In za a faɗi gaskiya, ba macuci ba ne. Yakan ci albasar mutum, gobe kuma ya kayar da mai albasar in shi ne marar gaskiya, ko a jikinsa. Cutarsa biyu ce kawai: son rawaninsa, da son tarihin Larabawa. Ka tambaye shi ranar da za a ga wata, sai ya bi da kai ta Madina, ya ratsa Dimashƙa, ya sauke ka a Bagadaza, kai kuwa tuni ka manta abin da ya kawo ka.

To, da umarni ya iso, sai tsoro da ilimi suka haɗu a cikin mutum ɗaya. Bayan La'asar ya tara mutane a zaurensa, ya gyara zama, ya kawo labarin Halifa Umaru ɗan Abdul'azizu. Ya ce wata rana Halifa ya yi marmarin tuffa, wani ya aiko masa da ita, ya sansana, ya yaba ƙanshinta, sannan ya ce a mayar wa mai ita. Da aka tuna masa ai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana karɓar kyauta, sai ya ce a wancan zamani kyauta ce, a nasu zamanin kuwa ta zama rashawa.

Can wani tsohon manomi ya yi gyaran murya ya ce, "Allah shi gafarta Malam, wai mi aka ce ma tuffa?"

"Ɗiyan icce na," in ji Alƙali, "awa goruba, sai dai ba shi wahal da haure." Shi ma bai taɓa ganinta ba, amma ya faɗa kamar a bayan gidansa take tsirowa.

Daɗin labarin ya kwashe shi, har ya miƙe ya yi alkawari a gaban jama'a cewa daga yau ba abin da zai ƙetare ƙofar gidansa sai wanda ya saya da guminsa. Aka yi ta kabbara. Ya shiga gida yana jin kansa kamar yanzu ya sauko daga mumbarin Dimashƙa.

Ba a jima ba matarsa Kulu ta gano abin da ba ta taɓa lura da shi ba, wato rabin madafarta gaisuwa ce. Daddawa ta ƙare, barkono ya ƙare, albasa kuwa, a ƙasar da ko jaki ya ƙoshi da ita, sai an aika kasuwa. Rannan ta ajiye masa tuwo da miyar kuka tsura, ta tsaya tana kallonsa.

"Malam, shi Halihwan nan naka, matatai da mi taka miya?"

"Da haƙuri, Kulu."

"To ga shi nan na zuba maka, ka ci da yawa."

Duk wannan abin dariya ne, kuma an yi dariyar. Inda dariya ta tsaya shi ne kan Goggo Adama.

Goggo Adama Bafillatana ce daga wata ruga kusa da Taloka. Mahaifiyar Halliru ta rasu yana jinjiri, ita kuwa Adama tana goyo a lokacin, sai mahaifinsa ya kai mata shi. Ta shayar da shi tare da nata ɗan har yaye. Tun daga nan, duk ranar kasuwa in suna kusa, sai ta zo da ƙwaryar kindirmo da curin man shanu yana yawo a kai. Ba ta jiran iso. Takan shigo zaure kai tsaye, ta buɗe faifai, ta tsaya sai ya sha ludayin farko a gabanta, ta ce ya rame, ko da kuwa wuyansa ya ninku uku. Ta yi masa haka yana ɗalibi, ta yi masa yana ango, rawani bai canza komai ba. Da umarnin Sakkwato ya zo, suna can mashekari da shanu, ba ta ji komai ba.

Ranar da ta dawo, ranar ce kuma mai bincike ya sauka. Malam Atiku sunansa, dogo siriri, an turo shi ya zagaya kotuna ya ga wa ke bin doka. Mutum ne da ko ruwan gidan ma'aikaci ba ya sha, da gorarsa yake yawo. Yana zaune a zaure da hantsi, Alƙali na ba shi labarin tuffa, sai ga tsohuwa ta sunkuyo da ƙwarya a ka, ƙafafunta futu-futu, tana murmushi.

Ta sauke ƙwaryar a gaban Alƙali, ta buɗe faifai. Ƙanshin kindirmo ya cika zauren, har maƙogwaron Malam Atiku ya motsa. Ya dubi ƙwarya, ya dubi Alƙali.

"Wagga hwa, wace ta?"

Kalma ɗaya ta isa. Da ya ce uwarsa ce, da magana ta ƙare, don ba dokar da ta hana mutum shan nonon uwarsa, ko Razdan, babban Baturen mulki na Sakkwato, ya san wannan. Amma Halliru ya tuna alƙalin da aka tuɓe a kan ramammen rago, ya tuna rabin ƙarar da ke gabansa ta Fulani da manoma ce, ya ji rawaninsa na rawa a kansa. Kuma, in ba a ɓoye ba, akwai 'yar kunya ta babban malami da za a ce a bukka ya yi rarrafe.

"Wata mai tallan nono ta," ya ce. Sannan ya juya gare ta ba tare da ya dubi idonta ba. "Baiwar Allah, ɗauke abinki. Nan ba a amsar gaisuwa."

Goggo Adama tana jin Hausa sarai. Ta ɗan tsaya da ludayi a hannu, kamar tana jiran ya yi dariya. Da bai yi ba, ta mayar da faifai, ta naɗe gammonta a hankali, ta ɗora ƙwarya, ta fita.

Malam Atiku ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce ya zagaya ƙasar Rabah da ta Goronyo bai ga irin wannan ba, kuma zai ambaci sunan Alƙali a gaban manya. Halliru ya raka shi har bakin hanya, ya dawo da fara'arsa, ya ishe Kulu tsaye bayan zaure. Ta ji komai.

"Malam, kai na hwa duk Mauludi kaka ba mu labarin Halimatu da ta shayar da Annabi. Kac ce da taz zaka wurinai, mayahinai yash shimhiɗa mata ta zamna. Kana hwaɗi kana hawaye, muna taya ka. Ko shi wanga labarin ba cikin tarihin Larabawa shike ba?"

Alƙali ya raɓa ta ya shige ɗakinsa. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ya kasa cin abincin rana.

Ya ce wa kansa ranar kasuwa mai zuwa zai gyara. Kasuwa ta ci ta watse, ba ta zo ba. Ta gaba ma haka. Sunansa kuwa ya kai Sakkwato, har aka riƙa misali da shi, rawani ya zauna daram. Da ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, sai ya sa aka ɗaura wa doki sirdi, ya nufi Taloka shi kaɗai, yana ta shirya jawabi a hanya, har da larabci a ciki.

Ya iske rugar cike da shanu, an gama tatsa ke nan, ƙoren nono jere a inuwa an rufe da faya-fayai. Goggo Adama ta hango shi, ta taso da sauri, ta shimfiɗa masa sabuwar tabarma. Sannan ta ja da baya, ta durƙusa.

"Allah shi gafarta Alƙali. An zo lahiya?"

Tunda yake, ba ta taɓa durƙusa masa ba. Jawabin nan duk ya bi iska.

"Inna," ya ce, "ni na hwa. Na yi kuskure, na zaka biɗar gahwara."

"Ba komi, Alƙali. An yi man bayani, an ce doka ta. Ni ban san doka ba."

Ta shiga bukka. Ya ji motsin ƙwarya, ransa ya ɗan yi sanyi, har ya fara gyara hannun riga. Ta fito ta ajiye a gabansa da hannu biyu, ta buɗe. Ruwan rijiya ne.

"Sha wanga," ta ce, muryarta ba faɗa ba gatse. "Shi ba a tuɓe mutum a kainai. Na sha wuya kahin ka girma, ba ni so a ce ni nis sa ka rasa rawaninka."

Ya dubi ƙoren da ke jere a inuwa, ya dubi tsohuwar da ke durƙushe tana jiran ya sha ta ɗauke. Ya ɗaga ƙwaryar da hannu biyu ya kafa kai, ya daɗe bai sauke ba, don kada ta ga fuskarsa.