Setar Danshin Gyaɗa

Mansur ɗan Rogo Ruma ne. Ya gama karatun kwamfuta ya dawo gida, aiki ya ƙi samuwa. Abin kirki guda da ya yi shi ne wata 'yar manhajar waya da ya rubuta wa ƙungiyar manoman gyaɗa ta Kurugu, inda kawunsa Gwadabe ke kula da sito. Duk buhun irin da aka kawo ajiya, Gwadabe zai auna danshinsa da na'ura, ya shigar da lambar a waya.

A cikin manhajar kowane bayani yana da geta, wadda ke fito da abin da aka adana, da seta, wadda ke karɓar sabo. Setar danshi ta fi sauran tsawo saboda tana bincike. In lambar ta yi yawa sai ta ƙi karɓa, ta ce a mayar da buhun shanya.

Ana tsakiyar kaka wani kamfani a Kano ya ce Mansur ya turo aikinsa a gani. Matar da ta duba ta kira shi.

"Malam Mansur, aikinka ba laifi, amma ka cika dogon rubutu. Geta da seta kaɗai sun cinye shafuka. Yanzu layi ɗaya ake yi musu. Gyara ka sake turowa."

A ranar ya zauna gindin darbejiya yana taƙaita su cikin ɗoki. Bai tsaya karanta kowacce ba. Setar danshi ma ta koma layi guda, binciken ya bi sauran layukan da ya goge. Ya tura Kano, da ya je Kurugu kuma ya sa wa kawunsa sabuwar.

Gwadabe bai taɓa riƙe iyakar lambar a ka ba, waya ce ke faɗa masa. Duk buhun da ya zo a ƙarshen kaka ta karɓa.

Da damina ta matso aka buɗe sito, warin fumfuna ya kori mutane baya. Aka aika wa Mansur.

"Kawu, wayar ba ta hana ka ba?"

"Ko sau ɗaya, ɗan nan. Har cewa na yi bana mutane sun iya shanya."

Mansur ya buɗe manhajar ya ga layin. Ya yi ƙoƙarin bayani, shugaban ƙungiya ya ɗaga masa hannu.

"Bar shi, yaro. Mu iri muke nema."

Aka karɓe makullin sito daga Gwadabe. Mansur ya zauna a Kurugu yana taya matar kawunsa tsince 'yar gyaɗar da ba ta yi baƙi ba. Ita ma da aka shuka, tsilla-tsilla ta fito. Yawancin gonakin gero aka zuba musu a makare.

Gwadabe bai taɓa yi masa faɗa ba. In sun haɗu a masallaci yakan amsa gaisuwa, ya tambayi mahaifiyarsa, ya nemi takalmansa ya wuce.