Hular da Na Ɗinka wa Attahir

Ni baduku ne a Falanko, kuma duk tsawon sana'ata abu ɗaya na taɓa ƙirƙira da kaina. Da na tsaya ga takalma da kuben wuƙa, da ya fi wa kowa.

Bayan kaka, in gero ya shiga rumbu, mazan garinmu kan fita fili su yi ta dukan ƙwallon goruba da sanduna masu lanƙwasa a baki. Ba mai komawa gida da goshinsa yadda ya fito da shi. Taubashina Attahir ya fi kowa tabo, don shi in ya ga ƙwallo mantawa yake yana da kai.

Shekarar da Nasara suka ɗauke gwamna daga Damagaram suka kai Yamai, Halima matar Attahir ta same ni a rumfa.

"Yaya Ilyasu, na gaji da wanke jini. Ka ɗinka wa kan nan nasa wani abu."

Na ɗinka. Fatar bijimi ninki biyu, auduga a tsakani, igiya ta ƙarƙashin haɓa. Na kifa ta a kan turmi, na sa Dado maƙeri ya maka mata sanda iya ƙarfinsa. Ko gezau. Na yini ina taƙama kamar ni na gina masallacin gari.

Attahir ya ɗaura ta ya ce, "Bawana, ashe kana da amfani?"

"Don Halima na yi. Abin da ke cikin kan bai kai a tsare shi ba."

Da, in sanda ta taso, kaucewa yake kamar kowa. Da ya sami hula sai ya daina. Ran Juma'a bayan la'asar ƙwallo ta shige tsakanin ƙafafu, ya sunkuya ya kutsa da ka kamar rago. Dado na tafe a guje. Gwiwarsa ta haɗu da tsakiyar hular, Attahir ya kife.

Na riga kowa isa. Abin da na fara dubawa, Allah ya gafarta mini, ɗinkina ne. Bai ɓalle ba. Na kwance hular na shafa kansa, ba jini, ba kumburi.

"Lafiya lau!" na ce, ina ɗaga ta sama kowa ya gani.

"Ilyasu," in ji shi a hankali, ba bawana ba. "Wuyana. Ku bar ni a nan."

Lokacin yatsunsa na motsi. Na gani da idona.

Amma a wurinmu wanda ya faɗi bai yi jini ba, zaunar da shi ake yi a ja masa wuya har ya yi ƙas, kamar wanda ya kwana a karkace. Dado ya riƙe kafaɗu. Ni na ja, tunda ranar ni ne masanin kai. Ya yi ƙas. Yatsun suka tsaya.

Bayan kwana biyu maɗori ya iso daga Tanout. Ya lalluba ƙeyarsa, ya soka masa ƙaya a tafin ƙafa, Attahir bai sani ba.

"Wa ya ɗaga shi?"

Kowa ya dubi ƙasa. Attahir ne ya amsa, ya ce da kansa ya tashi.

Kwana tara ya yi a tabarma, hankalinsa garau, Halima na ɗura masa kunu, ni ina kore masa ƙuda. Ran na takwas ya juyo ido wajena.

"Bawana, aikinka ya yi kyau. Kan kaɗai ya rage mini."

Bayan ta fita takaba Halima ta kawo mini hular, ta ajiye a bakin rumfa, ta tafi. Hular tana nan rataye. Baƙo yakan tsaya ya jujjuya ta, ya yaba ɗinkin, ya ce in yi masa irinta. Nakan ce takalma nake yi.