Kalandun Anti Verlene

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Ban yi nisa a makaranta ba, kuma ni ba mai magana cikin mutane ba ce. Amma akwai godiyar da na kasa yi da baki.

A watan Maris aka cire wa Mama mahaifa saboda cutar kansa. Da ta fara samun sauƙi, wata lauya a nan Greenwood ta gaya mata cewa mata da yawa sun kai kamfanonin man miƙar da gashi kotu, suna zargin shi ya jawo musu cutar. Ta ce Mama na iya shiga, in akwai shaidar wane mai ta yi amfani da shi, kuma shekara nawa. To Mama ba ta taɓa zuwa shagon gyaran gashi ba. Tun tana 'yar shekara tara yayarta, Anti Verlene, ke shafa mata a kicin ranar Asabar, basilin a kunnuwa, tawul a wuya.

Tun da zancen lauya ya kai kunnen Anti ta ɗauke ƙafa. Ba ta ɗaga waya. A coci ta koma kujerar baya. Mama ta daina maganar shari'a gaba ɗaya, sai dai duk motar da ta tsaya a waje sai ta ɗaga labule.

"Shondrell, je ki gano min ita," in ji Mama wata Laraba.

"Ni, Mama?"

"A'a, kyanwar maƙwabta."

Na tarar da Anti tana suyar tarwaɗa da garin masara. Ko juyowa ba ta yi ba.

"Uwarki ce ta aiko ki, ko lauyarta?"

"Mama ce."

"Ki ce mata ba sai sun kawo takardar kotu ba. Na san hannuna ne. Tana cewa Yaya da zafi, ina cewa daure minti biyar, zai fi kwanciya. Shekara talatin da takwas ina faɗa mata haka."

Sai a lokacin na gane. Daga baya na ji cewa wata a ƙungiyar mawaƙan coci ce ta ce mata wadda ta shafa man ake fara kamawa. Na tsaya ina murza bakin rigata, da ƙyar magana ta fito.

"Anti, ba ke za a kai ƙara ba, kamfani ne. Ke ma ai shi kike shafa wa kanki. Likita ma bai ce tabbas shi ne ba. Wanda ya san ranakun da aka shafa mata kawai ake nema."

"Ranaku?"

Ta kashe wuta ta shige ɗaki. Can ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado, cike da tsofaffin kalandun coci, guda ashirin da shida. Ashe tana da doka: ba ta sake shafa wa mace mai sai ta cika sati takwas, ko aurenta za a yi gobe. Don haka duk wadda ta zauna a kujerarta, sai ta rubuta sunanta da sunan man a kan ranar.

"Matan nan ƙarya gare su," ta ce tana kaɗe ƙura. "Sati biyar su zo su ce tara. Uwarki ce shugabarsu."

Na buɗe ɗaya. Ga sunan Mama nan, Lenora, da jan biro, duk bayan wata biyu.

Da yamma ta kawo ni gida a motarta. Ta daɗe riƙe da sitiyari ba ta fito ba, har Mama ta lallaɓo baranda da kanta.

"Yaya, kin rame."

"Ke kuma na ga bakin ne kawai ba su cire ba."

Mama ta yi dariya tana dafe wurin ɗinkin. Anti ta fito ta hau matakala uku na barandar a hankali, ta zauna a bayanta, ta kwance mata ɗankwali ta fara tsefe mata kai da yatsu. Na ba su wuri.

Lauya ta riga ta ce shari'ar na iya ɗaukar shekaru, kuma ba ta yi mana alkawarin komai ba. Ni dai Anti, na gode da kika fito daga motar nan.

Washegari na roƙi rabin yini a wurin aiki, na kai kwalin ofishin lauya. Matar da ke tebur ta tambaye ni sunan mai shaida, na faɗa mata sunan Anti, na tsaya har ta rubuta shi daidai.