Ƙafar da Tela Ke Taka Keke

Aibin Babbar Sista ɗaya ne, amma ya isa: duk abin da ba a koya mata tun tana budurwa ba, a wurinta ba ilimi ba ne.

Shekara talatin tana riƙe da ɗakin masu gyambo a asibiti. Da aka mayar da karatun jinya jami'a, aka ce tsofaffin ma'aikata ma su je su cike digiri, tsaki kawai ta yi. Mataimakiyarta kuwa, wadda kowa ke kira Inna, ta sayi jaka ta koma aji da furfurarta, benci ɗaya da sa'o'in 'yarta.

"Inna 'yar makaranta," Sista kan ce, "yau malam bai yi miki bulala ba?"

Inna sai ta ci gaba da aikinta.

Shekarar da Inna ta gama karatun, aka kwantar da wani tela mai ciwon sukari. Gyambo ya ci masa ƙafar dama, wadda yake taka keken ɗinki da ita. Kowace safiya Sista ta dirje ciwon da jan magani mai zafi, ta bar shi a buɗe ya sha iska, yadda aka saba. Gyambon sai faɗi yake. Likita ya ce ranar Litinin za a yanke ƙafar.

Tela ya riƙe hannun Inna. "Uwata, da me zan taka keken?"

Inna ta sami Sista. "Yaya, maganin nan ƙone sabuwar tsoka yake. A wanke da ruwan gishiri, a rufe, kada ya bushe."

"A jami'a aka faɗa? Ni hannuna ne jami'ata."

A ɗakin nan, idan likita na zagaye, nas fayil take riƙewa ta ja bakinta. Ran nan Inna ba ta ja ba. Ta buɗe littafinta a gabansa: kullum tana auna gyambon da rula tana rubutawa. Ta nuna masa yadda yake ƙaruwa, ta faɗi dalili, ta kawo binciken da ta karanta.

Likita ya daɗe yana dubawa. "Kwana goma na ba ki."

Kwana huɗu ba canji, Sista na wucewa tana murmushi. Inna ta ci gaba da ɗauri, ta hana tela taka ƙafar, ta sa wa sukarinsa ido. Rana ta shida rula ta ja baya. Rana ta goma jar tsoka ta cike ramin, likita ya soke yankan da hannunsa.

Bayan wata uku tela ya shigo da ƙafarsa, riƙe da farar riga da ya ɗinka wa Inna. Da ido ya yi awon, ta yi mata yawa. Haka ta saka ta.

Sista kuwa ba wanda ya kore ta. Makullin kabad ɗin kayan ɗauri ne ya koma aljihun Inna. Ɗalibai goma sha biyu da ke bin bayanta suka koma bin Inna. Kujerar Sista a taron likitoci ma ta tafi. Jan maganinta kaɗai aka bar mata, kwalba bakwai, ba mai tambaya.