Koren Biron Malam

Ina tsaye a ƙofar ɗakin Malam, da kujerar da na gyara masa a kafaɗa, sai na ji muryata tana fitowa daga ciki.

"Ke Aku, ta talatin da takwas cikin arba'in? Su biyun da kika wuce, ba su zo jarrabawar ba ne?"

Har da ɗan tarin da nake yi kafin in fara faɗa. 'Yata ce, mai shekara goma sha ɗaya, take kwaikwayona. Saboda wannan halin muke ce mata Aku. Malam kuwa yana dariya har gadon yana ƙara.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa a firamare kafin ciwon zuciya ya kwantar da shi. Ni kafinta ne, a aji shida na tsaya, kuma ba abin da ke hana ni sukuni kamar a ce yarinyar nan ta gaje ni. Da na ga sakamakonta na ce in har ba ta gyaru ba kafin hutu ya ƙare, cire ta zan yi ta taya uwarta ɗinki. Malam ya ce in riƙa turo masa ita kullum da yamma, in kuma bar masa takardar. Sati uku ke nan.

Na dire kujerar. "Malam, lissafin ke nan?"

"Zauna, Kafinta. Fara gwada aikinka, in ta karye kai za ta kayar."

Inna, matarsa, ta leƙo da tsintsiya a hannu. "Ƙyale min ita. Wata guda ina fama ya sha magani, sai in tsince shi a ƙarƙashin matashi. Yarinyar nan ta yi masa muryar likita, ya haɗiye yana dariya."

"Inna, ai ba a ba da satifiket na ban dariya."

Malam ya ce, "Ka zo ran Asabar. Ina da baƙi."

Ran Asabar ɗakin ya cika da tsofaffin ɗalibansa, takalma har bakin famfo. Kowa ya zo da tsohuwar takardar sakamakonsa. A nan na ji al'adar Malam: duk ƙarshen shekara sai ya juya takardar kowane yaro, ya rubuta da koren biro abu guda da ya ga yaron ya yi wanda ba ya cikin jarrabawa.

Wani bakanike mai ƙaton tumbi ya miƙe ya karanta tasa. "Gaba: na arba'in da biyu cikin arba'in da biyu."

"Ka riƙe ajin da kyau kada ya faɗi," in ji wata nas da ke zaune kusa da Inna.

"Bari in kai ƙarshe mana. Baya: 'Da ƙararrawar makaranta ta tsinke, shi ya hau ya ɗaure ta da waya, ba wanda ya sa shi.' Babana gaban kawai ya karanta, na sha bulala. Uwata ce ta juya takardar. Yau yara tara ke koyon aiki a garejina."

Nas ɗin ita ce ta zo ta ɗaya a shekararsu. Ta ce ta yi kwana biyu tana fushi, don Malam bai ko ambaci makinta ba. Cewa ya yi ita ke raka duk wanda ya fasa gwiwa zuwa famfo.

Malam ya dube ni. "Jarrabawa awa biyu take kallon yaro. Ni wata tara nake kallonsa. Wa ya fi saninsa?"

"To lissafin fa, Malam?"

"Zai shiga, da sannu. Amma ba ta tagar ɗakin ɗinki ba."

Nan take Aku ta tura ciki gaba ta taka irin takun bakanike, tana share hannu da tsumman da babu shi. Har bakaniken sai da ya zauna don dariya. Ranar Malam ya cinye abincinsa tas.

Talata da safe Allah ya karɓi abinsa. Ya sha shayi, rediyo na magana a gefen gado, Inna ta ɗauka barci ya koma.

Bayan kwana biyar, da baƙi suka ragu, Inna ta kira ni ta miƙo min takardar Aku. Ta talatin da takwas tana nan yadda take. Na juya. Rubutun Malam ya karkace, amma na karanta shi a hankali da yatsa.

"Tana sauraron mutum har ta haddace shi. Ta lura ba na iya ɗaga kofi, sai ta ce wai hannunta ke jin sanyi, tana son ta riƙe, don kada in ji kunya. Kafinta, ba a yanke wa ɗanyen katako hukunci."

Ran Litinin aka koma makaranta. Ni na raka ta, ina riƙe da jakar. A bakin get na yi ɗan tarina, zan ja mata kunne a kan lissafi. Ta riga ni, da muryar Malam sak: "Zauna, Kafinta."

Na yi dariya, sannan na juya da sauri kamar wani abu ya faɗa min a ido.

Da na isa shago na ɗauki ƙaramar ƙusa na kafe takardar a bango, sama da inda nake rataye zarto, gabanta yana kallon bango. Kafin rana ta take, garin katako ya fara rufe koren rubutun. Na matsa kusa na hure shi.