Faifan Yaya A Gaba

Tun da aka binne yayansa Isa, Hamidu bai yi kuka ba. Yana buɗe shagonsu na buga takardu a Kalgo, yana rufewa, yana cin abin da aka ajiye masa. Shi dai ga shi nan.

Salamatu, matar marigayin, tana takaba a Gwandu da tsohon ciki. Abu ɗaya ta roƙa: hoton Isa, don abin da za ta haifa ya san fuskar ubansa. Isa kuwa mutum ne mai gudun hoto kamar an ce masa allura ce. Sau ɗaya aka taɓa kama shi, na katin shaida, katin ya ɓace, sai kwafin da ke cikin tsohon faifan ajiya na kwamfutarsa. Faifan ma ya fara ƙara kamar tsohon keken ɗinki.

Hamidu ya sayo sabon faifai daga Sakkwato don ya kwashe komai kafin tsohon ya mutu. Ya haɗa su da kwamfutar a igiyar waya ɗaya, ya shiga bayos, shuɗin allon nan da ake gaya wa injin wane faifai ne gaba, wane ne baya. Kullum sabon faifai yake sawa gaba, haka Isa ya koya masa. Amma yau hannunsa ya ƙi. Mutumin da ko sunansa bai taɓa kira ba sai Yaya, wanda bai taɓa riga shi sa hannu a kwano ba, shi za a sa baya? Ya sa na Yaya a gaba.

Sabon faifai sai an share shi kafin ya karɓi ajiya. Yatsunsa suka yi abin da suka saba: share na gaba. Injin ya tambaya ko ya tabbata, ya ce i.

Sai ya ji tsohon faifan ne yake ƙara, shi ake sharewa.

Bai zabura ba. Ya zauna yana kallo har aka gama, ya rufe shago, ya hau motar Gwandu.

"Ka taho da shi?" in ji Salamatu daga bakin ƙofar ɗakinta.

"Na share shi. Da hannuna."

Ya jira ta yi kururuwa, ko ya samu ya ji wani abu. Ba ta yi ba. Ita da ba ta taɓa tsayawa ta dube shi sosai ba, yau ta ɗago ta daɗe tana kallonsa.

"Juyo wajen haske," ta ce. Ya juya.

"To. In an haihu ka riƙa tahowa. Goshinku guda na."