Tattaki Zuwa Ginin Joel

A shekarar farko da aka yi tattakin tunawa da Joel, sai da 'yan sanda suka tare hanya saboda yawan jama'a. Bana, shekara ta huɗu, mutum goma sha bakwai Juliana ta gani a ƙofar gidanta a Gwallaga, wasunsu ma maƙwabta ne da kara ta fito da su.

Joel ɗanta ne na fari, matuƙin jirgin sojan sama. Jirginsa ya faɗi a wani daji can arewa maso gabas, aka binne shi a maƙabartar sojoji a Abuja. Da yake babu kabarin da za a ziyarta a Bauchi, sai Mansir, amininsa tun suna firamare, ya kawo shawarar a riƙa takawa duk shekara zuwa Inkil, inda Joel ya fara gini ya bar shi iya taga.

Ƙarfe bakwai da rabi suka kama hanya. Mansir ne a gaba da hoton Joel, wanda rana ta riga ta cinye launinsa. Juliana tana can baya, tana jan ƙafa. Shekara talatin ta yi tana tsayuwa a ɗakin haihuwa kafin ta yi ritaya, gwiwoyinta kuma sun daɗe da gaya mata. Lilian, matar da Joel ya bari, tana gefenta riƙe da lema.

Sun hau titin Gombe ke nan gwiwar hagu ta ƙi. Juliana ta lallaɓa ta zauna a bencin wata mai gasa masara. Mansir ya dawo da gudu zai tsayar da keke napep, ta ce su yi gaba, za ta same su. Lilian ta tsaya.

Da sauran suka yi nisa, Lilian ta durƙusa a gabanta, a nan bakin titi. Ta yi ta kwana-kwana, ta fara da batun makarantar 'yarta Fortune, ta koma kan canjin wurin aiki, sannan ta iso kan zancen. Akwai wani Paul, malami ne a Jos, sun tsayar da aurensu a watan Disamba.

Juliana ta san da zancen tun Ista, matan zumunta na majami'a ba su bar ta cikin duhu ba. Jiran ranar da Lilian za ta faɗa da bakinta ne ya fi gajiyar da ita. Ta yi zaton za ta ji zafi, sai ta ji kamar an sauke mata tulu daga ka.

"Fortune fa?"

"Da ita zan tafi, Mama. Amma duk hutu tana wajenki."

Nan ne abin ya soke ta. Yarinyar goshin ubanta ta ɗauko, da dariyarsa. Juliana ta ce wa Lilian ta tashi, mutane na kallo, ta tsayar musu da keke.

Kusan tare suka isa Inkil da masu tafiyar ƙafa. Ciyawa ta cika ginin, wani maƙwabci ya shuka kuɓewa a inda falo zai kasance. Dattijo Habila daga majami'arsu ya yi addu'a, Mansir ya faɗi 'yan kalmomi, sannan ya juyo ga Juliana kamar kowace shekara.

Ba ta tashi daga kan bulon da take zaune ba. Ta gode musu, ta ce Allah ya biya kowa. Sai ta kamo hannun Lilian.

"'Yata za ta yi aure a Disamba. Ni ce uwar amarya. Wanda ke da magana ya same ni a gida."

Mansir ya sunkuyar da kai, can ya ɗago ya ce Allah ya sanya alheri, sauran suka amsa ɗaya bayan ɗaya. Lilian na kuka a kafaɗarta, ita kuwa Juliana ba ta da sauran hawaye a ranar. Ta roƙi Mansir ya leƙa bakin titi ya ce wa mai keken nan kada ya tafi.